Fitila Ta Uku

A bene na biyu, bayan Kantin Kwari,
inda muke yankar wa 'yan kasuwa tikitin jirgi,
akwai wani farin akwati mai ƙaho biyu
zaune saman firij kamar shi ke biyan haya.
Rawuta sunansa.
Fitilu huɗu ne a goshinsa,
ta ukun ce ke riƙe da abincinmu.

Ran Litinin ta fara ƙifta ido.
Kore, ja, kore, shiru.
Alhaji Sabi'u na tsaye a kaina da fasfo shida,
kujera saura biyu a jirgin,
ɗan zoben nan na ta juyawa a fuskar kwamfuta
kamar akuya a turke.

"Kashe ki kunna," in ji Kubura daga bayan firinta.
Na kashe. Na ƙirga talatin a gaɓoɓin yatsu.
Na kunna. Ya gaishe mu na minti bakwai,
ya koma inda ya fito.

Na zare sim, na hura, na goga da bakin mayafi.
Na sayi data a kan data.
Na kira kamfani, wata murya mai sanyi
ta ce kirana na da muhimmanci,
ta bar ni da kiɗa har katina ya ƙare.
Muka zargi hadari, sama kuwa fes.
Muka zargi janareta.
Kubura ta ce baki ne, a nemo tazargade.

Ran Laraba Tasi'u ya zo daga Fam Santa,
jaka a baya, abin kwance noti a bayan kunne.
Bai taɓa komai ba tukuna, kallo ya tsaya yi.
"Wa ya ɗora shi nan, bayan durowar ƙarfe?
Ko ke aka matse tsakanin ƙarfe da zafi
muryarki ba za ta kai bakin ƙofa ba."
Ya kafa ƙusa, ya rataye shi a bango,
ya miƙe masa ƙahoni,
ya jefar da cajar da ta kumbura kamar fanke.
Ya ce maƙwabta duk layi ɗaya suke bi,
cunkoson Bata da yamma ke nan,
sai ya sauya mana hanya.
Sannan ya leƙa cikinsa ta kwamfuta, ya yi tsaki.
"Ku nawa ne a ofishin nan?"
"Uku."
"To, talatin da ɗaya ke cin tuwonku."

Ashe lambar sirrin da na rubuta a jikin kalanda
ta sauka bene da ƙafarta.
Tela da yaransa, mai shayi, masu ɗaurin dila,
har da wani da wayarsa ke amsa sunan Ɗan Gayu.
Rijiya ɗaya, kowa da gugansa.
Da yatsa ɗaya Tasi'u ya sallame su,
ya ba ni sabuwar lamba, doguwa, mai ƙaya,
ya ce in haddace, kar in rubuta.

Fitila ta tsaya cak. Kore.

Daren Alhamis na dawo ɗaukar makullin gida,
na tarar da Baba Mudi mai gadi a kan matakala,
ya ɗaga waya sama kamar mai duba jabun kuɗi.
"'Yata, akwatinku ya daina gane ni."
Ɗansa na Agadas.
Jikar ta fara tafiya a makon jiya,
kullum bayan isha'i yake ganin taku biyu, uku, da faɗuwa.

Na karɓi wayar, gilashinta a tsage.
Na danna haruffan a hankali.
Wata 'yar dariya ta cika matakalar.

Na waiga ta taga.
Fitila ta uku ko gezau.
Mutum huɗu ai ba kaya ba ne.
Tasi'u dai ban faɗa masa ba.