Ruwan Da Ba A Sha

Shekara goma sha ɗaya ina jan albasa
daga Aliero har bakin teku,
buhu kan buhu, igiya ta ɗaure su tamau.
In na taka birki, su tsaya tare da ni.
Albasa ba ta da ƙeta,
iyakar abinta ta sa ka hawaye.

Yau an damƙa mini makullin tanka,
fara, doguwa, da zane a haƙarƙarinta:
hannun mutum, ruwa na ɗiga a kai, yana cin sa.
Baba Tunau ya nuna zanen da leɓe,
sannan ya naɗe hannun rigarsa.
Tabo ne, daga wuyan hannu har gwiwa,
fari kamar cikin sabuwar ƙwarya.
"Sakacin minti ɗaya," in ji shi. "Ina saurin Juma'a,
na bar safar hannu a kan kujera."

Ya ce, "Arzika, kayan nan da rai.
Ka tsaya, shi bai tsaya ba.
Ƙirga uku, zai zo ya dake ka a ƙeya."

An ba ni takalmin roba, da tabarau irin na mai walda,
da takarda shafi huɗu, duk Turanci.
Cindo yaron mota ya karanta mini,
na ce ya sake,
ya sake, na ce ya sake,
har ya fara tsaki a ciki-ciki.

Daren da zan taso, Ige ta tambaye ni,
"Wai me za ka riƙa ɗaukowa?"
Na ce ruwa.
Kulu ta ɗago daga tabarma, "Na sha?"
Na ce a'a, da shi ake sabulun da kike wanka.
Ta shinshina hannunta, ta koma barci.
Uwarta ba ta koma ba.

A Yawuri na ga kogi ta gefen ido,
mata na wanki, wani na ɗinkin koma,
shanu sun tsoma baki.
Da can nakan yi musu oda in wuce.
Yau na sauke giya, na bi a hankali
kamar mai ɗauke da kwanon miya cikin taro.

A Koko na tsaya duba taya.
Ina tsugune a gaba, sai na ji ƙarar ƙarfe.
Yaro ne, bai fi Kulu ba,
da galan ɗinsa rawaya a ƙarƙashin famfo,
yana tsammanin gas ne, yana neman ɗigo.
Ban san ina da irin wannan murya ba.
Galan ya faɗi, yaro ya ruga,
takalminsa ɗaya ya bar mini.
Masu shayi suka ce, "Wannan direba da rowa yake."
Ban tanka ba.
Na taɓa murfin famfon, a ɗaure yake,
na sake taɓawa,
gwiwoyina na kaɗawa cikin takalmin roba.

Magariba ta same mu a Jega.
Tsofaffin abokaina na can gindin maina,
warin albasarsu ya tsallako titi ya gaishe ni.
Nomau ya ɗaga mini hannu, "Manya! An zama na kamfani!"
Na yi dariya, na wuce su,
na faka can nesa da masu tuya,
nesa da rijiya, nesa da masallaci.

Na kashe inji.
Cindo ya buɗe ƙofa zai dira, na riƙe rigarsa.
Ɗaya. Biyu.
Uku.
Ya zo, ya dafa mana baya a hankali,
ya koma, ya sake zuwa.
Muka zauna shiru har ya kwanta,
sannan na sauka neman ruwan alwala.