Ɗari Biyu Kullum

Daren da wuta ta ci layinmu a Alaba Rago
Barau ya tsaya da makulli a hannu,
makullin shagon da babu shi.
Albasa buhu arba'in,
ƙaurinta har bakin titin Badagiri.

Da safe muka yi masa karo-karo.
Abin da aka tara bai sayi ƙofa ba.

An ce akwai inshora.
Akwai, can Marina, hawa na sha ɗaya,
inda mai gadi ke duban silifas ɗinka
kafin ya dubi fuskarka,
takarda shafi tara, Turancin lauya,
rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan tururuwa.

Sai ga Ladidi, 'yar marigayi Ɗantani mai awo,
da jaka da waya, rumfa-rumfa,
ta yi da Hausa, ta juya da Yarbanci:
ɗari biyu kullum, kuɗin shayi ba madara.

Na ce, in wutar ba ta zo ba fa?
Ta ce, sai ka gode Allah, Baba,
kuɗinka sun tayar da shagon wani.
Adashi ne, sai dai ba mai fatan
kwasa ta zo kansa.

Kwana uku ina juya maganar.
Alkawari nawa na ga ya nutse a ruwan Ikko?
Na dai dangwala yatsa.
Na san gidan ubanta.

Barau yanzu dako yake yi.
Jiya ya sauke mini buhu shida,
na miƙa kuɗi, ya kau da kai.