Tiya Ba Ta Da Goshi

Modi ya dawo daga makaranta da labari:
wai doka ta ce abincin da aka taɓa ƙwayar halittarsa
a rubuta a jikinsa, mai saye ya sani.

Na ce madalla. Sai na dubi rumfata
a Tsohuwar Kasuwa: buhu tara, baki buɗe,
waken Illela, waken Gwadabawa,
da wani fari sol da aka sauke jiya,
ko hudar tsutsa ɗaya babu.

A jikin wa zan rubuta?
Tiya ba ta da goshi.
Ledar da nake ƙullawa baƙa ce.

Ige mai ƙosai ta zo da hantsi,
ta damƙi farin, ta gatsa ƙwaya ɗaya.
"Wanga na ina na?"
Na ce, "Na mota."
Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekara ashirin tana awo a hannuna,
bakina ne takardarta.
Yau ta tambaye shi abin da bai sani ba.

Na auna mata na Illela.
Farin na ɗaure bakinsa
sai mai motar ya dawo in tambaye shi,
in shi ma an gaya masa.