Takardar Lokotoro

Na zo Jos da almakashi biyu,
da keken ɗinki da na kwance gunduwa-gunduwa,
da wata takarda mai ninki huɗu
da lokotoron Damagaram ya rubuta mini da Faransanci.
Ya ce jinina yana hawa
kamar kuɗin gero a tsakiyar damina.

Ƙwayoyin da na taho da su wata uku suka yi mini.
Ran da na girgiza kwalin na ji shiru,
ana yayyafi a Dilimi,
ƙeyata tana bugawa kamar ana sassaƙa turmi a ciki.

Na tsai da wani yaro, na ce, ina farmasi?
Ya ce, Baba, kemis kake nufi?
Harshe ɗaya muka sha a nono,
amma kowace kalma tawa sai an nemi katinta a kan iyaka.

A Taminus wani saurayi ya karɓi takardar,
ya riƙe ta kai a ƙasa.
Ya ce, akwai.
Ja biyu, ɗorawa uku, ya ƙulle a leda,
wai har ciwon baya suna yi.
Uwata takan ce, mai amsawa kafin ka gama tambaya,
dafe aljihunka, ka gaishe shi, ka wuce.
Na gaishe shi.

A Farar Gada na sami Kangyang,
farar riga, tabarau a kan hanci.
Ta daɗe tana bin rubutun da yatsa.
Ta ce, sunan da ke bayan kwali na ado ne,
kowace ƙasa da wanda take raɗa masa.
Na yanka yana ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
shi kuwa na gane shi.
Yana nan, ga shi can a kanta ta uku.
Amma ba zan ba ka ba.

Na ce, ga kuɗi.
Ta ce, takardarka ta tsufa, Malam Lawali,
jinin bara ba shi ne na bana ba.
Je ka a auna ka.

Na fita ina ƙunƙuni har bakin titi.

A asibiti sai an yanki kati.
Mai rubutu ya ce, jiha?
Na ce, babu.
Ƙaramar hukuma?
Na ce, Mirriya.
Ya ɗago kai, ya ce, tana wajen Katsina ne?
Ya ja layi a gurbin, ya miƙo mini lamba arba'in da bakwai.
Na zauna tsakanin mai tari da mai ciki
har azahar ta wuce mu.

Likita ta ɗaure mini damtse, ta hura iska.
A nan ne kaɗai ba a nemi tafinta ba.
Zuciya ta faɗi abin da ke ranta,
allura ta rubuta.
Ta ce, rabin abin da kake sha ya ishe ka yanzu.
Da ka ci gaba da na da,
da wata safiya jiri ya kayar da kai a kan kekenka.

Na koma Farar Gada da kunya a aljihu ɗaya,
sabuwar takarda a ɗayan.
Kangyang ba ta ce na faɗa maka ba.
Ta kankare bayan kwalin da ɗan makulli,
ta tura lambar a waya,
amsa ta dawo: na gaske ne.
Ta zana da'ira ɗaya a jikin ambulan,
ta yi mata ƙafafun rana.
Ta ce, da safe, bayan ka karya.
Gishiri kuma, ku rage zumunci.

Na ƙirga naira, kaina yana mayar da ita sefa,
ya ƙi daina wannan hali.

Ranar Asabar na ga aljihun farar rigarta ya ɓarke.
Na ce ta kawo.
Ta ce, nawa?
Na ce, sai kin zo da takardar likita.