Takardu Biyu da Igiya

Ranar da na sayi motar nan a Garwa
da adashin wata goma sha takwas,
Sali bai bar ni na ji sanyin makulli ba.
Ya shimfiɗa takardu biyu a kan murfin inji,
ya danne su da sifana kada iska ta kwashe.

Ta farko, in ji shi, ƙarin garanti ce:
shekara biyu, in inji ya buga ko giya ta ƙi shiga,
asara tasu, barci naki.
Ta biyu ta masu jan mota ce:
duk inda ta mace miki, buga waya,
za su zo da ƙugiya ko tsakar dare ne.

Na ce, ni ungozoma ce, bari in auna da mudun gidanmu.
Wannan likita ne da ba ya taka ƙofar kowa,
wancan mai ɗaukar majinyaci ne, ko allura babu a aljihunsa.
Sali ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo:
Ɗauki duka biyun mana, Astajam.
Na ce, da dariyarka zan biya?

Guda ɗaya jakata ta iya.
Na zaɓi likita, sefa dubu ɗari da ashirin,
don ina tsoron inji
yadda nake tsoron jini in ya ɓalle.

Wata bakwai, ko atishawa ba ta yi ba.

Sai daren wata Laraba, cikin damina,
na taso daga Figil, na karɓi tagwaye,
hannuna bai daina ƙanshin sabulu ba.
Saura kaɗan Pitowa, jar fitila ta kama,
sitiyari ya yi taurin kai,
tururi ya tashi, ta yi tari biyu,
shiru.

Na haska takarda da wayata, na kira lambar.
Wata murya mai barci ta ce,
Madam, ki kawo ta gareji da safe.
Na ce, a ka zan ɗauko ta ko a goye?
Kwaɗin fadama ne suka ba ni amsa.

Wajen ƙarfe ɗaya mai motar albasa ya tsaya.
Hamajoda sunansa.
Ya kwance igiyar buhuna, ya ninka ta huɗu,
ya ce, kada ki taka birki sai kin ga nawa ya kama.
Haka muka shiga gari, ni a baya kamar akuyar kasuwa.
Dubu goma sha biyar ya karɓa.
Bai cuce ni ba, bai kuma yi sadaka ba.

Da safe aka ce bel ne ya tsinke.
Yatsan Sali ya gangara ƙasan takarda,
inda rubutu ya koma ƙwan tururuwa:
abin da tafiya ke ci, ba ya ciki.
Bel, taya, birki, batir.
Na ce, Sali, me tafiya ba ta ci?
Dubi gwiwata.

To amma ba zan ci haƙƙin takarda ba.
Bayan wata huɗu giya ta watse a ƙofar gidana,
suka sauya ta, ko dala ban ba su ba,
kuɗinta kuwa ya ninka abin da na biya.
Maƙwabcina Jibrilla, da ya zaɓi masu ƙugiya,
shekara uku yana zuba musu,
motarsa ba ta taɓa yin ko tuntuɓe ba.
Shi ma ba ya zagi. Ya ce barci ya saya.

Jiya sabuwar ma'aikaciyarmu ta tare ni:
Inna, wanne zan ɗauka?
Na ce, kada ki tambayi motar, tambayi hanyarki.
Ina dare ke riskarki?
Wa zai ji in kin yi kira daga can?
Sannan ki sa tabarau ki fara karatu daga ƙasa.

Ni dai garantina saura wata biyu.
Ban yanke shawara ba tukuna.
Igiya na nan a but, ninki huɗu,
lambar Hamajoda kuwa
a bayan takardar Sali na rubuta ta.