Kunkurun Pingyao

Sun ce garin kunkuru ne:
ƙofar kudu kai, ta arewa wutsiya,
huɗun gefe ƙafafu.
Na zo ran uku ga Oktoba,
makon da Sin ta kulle ofis ta saɓi jaka,
na iske kunkurun kwance abinsa,
mu ne cinnakun da ke bayansa.

Meng Xiulan ke ja mana gora,
lasifika a ƙugu, tuta ruwan goro a tsinin sanda.
Ta ƙirga mu a bakin ganuwa, ashirin da uku.
Da ta zo kaina ko ɗaga ido ba ta yi ba,
wai irina ba ya ɓata a taro.

Ba tafiya muke ba, tura mu ake.
Gwiwar hannun wani a haƙarƙarina,
alewar wani yaro a gefen rigata,
sandunan hoto sun yi tsiri-tsiri sama
kamar kara bayan girbi.

A tsohon gidan kuɗi
awa ɗaya da rabi na yi a layi
don in leƙa ramin da aka taɓa ɓoye azurfa.
Na leƙa.
Rami ne.
Na bayana ya yi magana,
ban nemi tafinta ba, na matsa.

Wata kaka ta ɗora min jikanta a kafaɗa,
ƙyas, ƙyas, ta karɓe abinta.
Kallo na zo yi da kuɗina,
ga shi ana kallona kyauta.

Can wajen azahar tuta ruwan goro ta zama goma.
Na bi ɗaya, ashe ta wasu ce.
Waya ta yi ƙyafta biyu ta mutu a tafina.
Na faɗa wani lungu
wanda ko jaki da mangala sai ya karkata,
hayaniya ta yanke
kamar an rufe tukunya.

Tsakar gida, randuna baƙaƙe a jere,
wani wari mai kama maƙoshi,
wanki a igiya, kabeji a dokin ƙofa,
rediyo na ta surutu shi kaɗai.
Tsoho ya ɗago daga facin tayar keke,
ya dube ni, ya dubi wayar,
ya zare fulogin rediyonsa ya ba ni wuri.
Ya doki ƙirji ya ce, Hou.
Na doki nawa na ce, Ɗanlami.
Ya gwada sau uku ya haƙura.

Ya tsoma ludayi a randa ya miƙo.
Ruwan tsami ne, baƙi kamar tawadar allo.
Na kurɓa, hawaye ya zubo,
matarsa ta bushe da dariya daga madafa.
Sai ya buɗe buhu ya cika min tafi.
Na tsaya.
Dawa ce.
Ja, irin wadda kawuna ke shukawa a jigawa.
Ya ce, gaoliang.
Na ce, dawa.
Muka yi ta musu da kalma ɗaya ɗaya,
kowa da gaskiyarsa.

Ya nuna titi da haɓa, ya ɗaga yatsu huɗu:
saura kwana huɗu ambaliyar ta janye,
ya fita sayen taba ba a taka shi ba.

Da magariba Xiulan ta same ni gindin hasumiya,
murya ta dishe, tuta ta langaɓe.
Ashirin da uku, ta ce, kamar mai sauke tulu.
Ta tambaya me na gani.
Na buɗe wayar, ba hoton komai
sai ƙeyoyin mutane da rabin rufin soro.

Kwalbar da Hou ya ba ni ta tsiyaye a jirgin ƙasa.
Har yau in na buɗe fasfo,
shafi na tara yana tsami.