Kamu Uku na Igiya

A Garwa, can bayan mashigar kwale-kwale,
ran da iska ta yaye jinkar Baffa Mantau,
muka same ta naɗe a tsohuwar tabarma,
doguwa, zanzaro ya yi gini a bakinta,
gara ta gama walima a ƙota.

Na ce, "Bindigar toka ce?"
Ya ce, "Bakinka ya riga idonka.
Wannan ta girmi mai ƙanƙara,
ba ta san tartsatsi ba.
Igiya ake kunna mata ta ci a hankali,
kamar yadda gulma ke cin unguwa,
ka yi ta yawo riƙe da wuta."

Ya ɗora ta a cinya kamar mai raɗa suna.
"Ga kunama, ita ke cije igiya.
Ka taɓa ta daga ƙasa, ta sunkuya ta yi harbi.
Ga kunne, ɗan kasko bai kai farce ba,
nan ake barbaɗa garin albarushi,
kafar allura ta kai saƙo ciki.
Maɗuri ya ɓace tun ina goye,
an ce wani mahauci a kasuwar Fitowa
ya shekara yana juya gashi da shi.
Dalma kuwa, in babu,
tsakuwar kogi ma ta wadata."

Igiyar fa?
Abawa ce, tufka uku,
a dafa ta a ruwan toka, a shanya a inuwa.
Kamu ɗaya yana raka mutum
daga magariba har a watse lisha.
A kunna baki biyu don gudun tsautsayi,
in ɗaya ya mutu ɗan'uwansa ya tashe shi.
Raɓa maƙiyiya ce. Yayyafi kuwa,
sai ka ga jarumi rungume da sanda
yana neman hanyar fita.

Kakansa Talle ne mai ita.
Wata shekara dorina ta sa masararsa gaba.
Ya kwanta a jiƙaƙƙen yashin Binuwai
da kamu uku,
ya ɓoye jan idon a ɗan gora mai huji,
yana hurawa, yana kaɗe toka.
Ita tana cikin ruwa, hanci kawai a waje,
ta ji ƙauri.
Shi jira, ita jira.
Sauro ya ci rabonsa, wata ya faɗi.
Kamu na uku ya ƙare a babban yatsansa,
sannan ta fito, ba gaggawa,
ta cinye gonar yana kallonta.

Da safe gari ya yi ta dariya.
Ya nuna musu ƙunar, ya ce,
"Ba ƙarfi ta fi ni ba.
Ta fi ni igiya."
Har ya mutu bai ƙara komai a kai ba,
kuma bai sake ɗura ta ba,
ya naɗe ta, ya bar ta ta huta.

Baffa ya cika bara, da kaka.
Ni gyaran babur nake yi kusa da gada,
kullum ina goge fulogi, wuta a ƙiftawar ido,
mai babur na tsaye a kaina yana duba agogo.
Yarana, Faransanci a makaranta,
Fulatanci a layi,
Hausa sai in an zo cin tuwo.

Jiya na gwada Hansatu, autata.
Na ce kunama, ta zazzage takalmi.
Na ce kunne, ta kama nata.
Na ce maɗuri, sai ni ma na tsaya:
haka ake cewa tun asali,
ko Baffa ne ya ƙera kalmar da ainihin ta kuɓuce masa?
Ba sauran wanda zan tambaya.
Na jawo ta kusa, na sake faɗa a hankali,
na ga ta motsa leɓe tana maimaitawa.
Ban san kamu nawa ya rage a hannuna ba.
Ina dai hura ta.